Laifin Laka Ne Ko Na Masu Gida?

Tun ranar 3 ga Satumba 2024, da mamakon ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, wata magana ta samu gindin zama: wai zamanin ginin laka ya wuce. In masallacin da ya haura shekara 170 ya zube, in ji masu wannan ra'ayi, ina ga ɗakin talaka? Yanzu a Dungu da ƙauyukan Matamaye, magidancin da ya fara kwaɓa ƙasa don yi wa iyalinsa ɗaki sai ya sha tambaya: "Malam, ba ka jira ka tara na bulo?"

Tsoron yana da dalili. Daminar 2024 ta ci rayuka fiye da 300 a Nijar, da yawansu kuwa gini ne ya faɗo musu. Sai dai abin da ake yi da wannan tsoro shi ke ba ni takaici. Mutum ya sayar da raken fadamarsa, ko ɗansa ya aiko da kuɗin ci-rani, ya sayo siminti buhu biyu ko uku, ya sa a shafe bangon laka da shi, ya koma ya kwanta da tunanin ya gama da damina har abada.

Alhali bangon ya jawo wa ciwo. Laka tana shan laima, tana kuma fitar da ita in rana ta fito. Siminti ba ya barin ta fita. Kuma biyun ba sa kama juna: zafin rana da sanyin dare na motsa kowanne ta hanyarsa, sai simintin ya tsattsage. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya rasa mafita, ya zauna yana jiƙa ƙasar daga ciki. Kamar wanda ya sa rigar leda ne a bazara, daga waje fes, daga ciki gumi ya gama da shi. Ƙwanƙwasa irin wannan bango da yatsa, za ka ji yana amsawa fanko. Wata rana shafen ya ɓalle ɓari guda, a ga ƙasar da ke bayansa ta zama gari. Ga shi ya ɓoye ɓarnar, mai gida bai ga komai ba sai da lokacin gyara ya wuce.

Maginan da sun san ta inda ruwa ke cin gini: ta kai da ta ƙafa. Shi ya sa bangon tubali yake da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Shi ya sa ake fiddo indararo da tsawo, don ruwan rufi ya zuba nesa da tushe. Kafin ruwan farko kuma a sake yaɓe, masu hali su shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Yau bangon da ake yi da bulon laka siriri ne tun daga ƙasa, indararo ya toshe da leda, samarin da za su yi gayyar yaɓe suna Kano ko Aljeriya. Babu ginin da zai jure haka.

Ga iyalin da ke ci daga gona, lissafin a fili yake. Ƙasa tana kududdufi, ciyawar kwaɓi tana daji, aikin kuma na rani ne, bayan gero ya shiga rumbu. Siminti kuwa sai ya taso daga Malbaza ko Najeriya, kuɗin mota a kansa. In watan Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, bango mai kauri yana riƙe shi har dare kafin ya iso ciki, ɗakin kwano kuwa tun hantsi ya kori mai shi. Ko kangon da ya faɗi ba ya zama asara, ƙasarsa taki ce a gona.

Matsala ta gaskiya ita ce azara, don giginya ta yi ƙaranci. Ita ma an daɗe da samo mata hanya: tun 1980 aka fara gwada gini ba da itace ba a Cikal, inda ake rufe ɗaki da kubba ta bulon laka zalla. A Dandaji ma, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji. Ita kuwa hasumiyar laka ta Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye ne saboda ba a daina yi mata yaɓe ba.

Sauran aikin ba na magini ba ne. Gidaje da dama da ke zubewa ruwan da ya kwanta a gindinsu ne ke kayar da su, domin an gina su a kan hanyar ruwa ko a bakin kududdufin da aka cike da shara. Wani ne ya yanka filin, wani ya buga hatimi. Bayan ambaliya ana kawo shinkafa da tabarmi, a ɗauki hoto, a tafi. Magudanar ruwa kuwa, da koya wa matasan magina aiki, har yanzu suna jiran wanda zai sa su cikin kasafin kuɗin ƙaramar hukuma.