Kazar Hausa a Birnin Zazzau: Irin Muke Yankewa

Duk wanda ya bi lungunan Kwarbai ko Limancin Kona da hantsi zai ga uwar kaza a gindin katanga tana tono, 'yan tsakinta na biye da ita, jim kaɗan ta karkata kai ta dubi sama saboda shirwa. Ba mai auna mata abinci. Dusa, ɗan tsakin masara, guntun tuwon jiya, gara da ƙwari su ne cimarta, magariba na yi ta shige akurki da kanta. Wannan ita ce kazar Hausa da ire-irenta, irin su fingi mai gashi a hargitse, da durgu mai gajerun ƙafafu, da mai wuya ba gashi wadda zafin bazara bai cika damunta ba. Da yawa suna ganin zamaninta ya wuce tunda kajin gidan gona sun cika kasuwa. A ganina mu ne muka bar irinta ya tsumbure, kuma gyaran yana hannun matan gida da magidanta.

Masu kushe ta suna da hujja, kada a raina. Kazar Hausa da ke yawo a sake ƙwanta bai wuce 40 zuwa 60 a shekara ba, ta gidan gona kuwa tana haura 250. Buroila ta isa yanka a sati 6 zuwa 8, zakaran Hausa sai ya ci wata 5 ko 6. Nan kusa da mu a Shika, cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown a shekarar 2000, abin alfahari ne ga Zazzau, kuma ba da ƙwan akurki za a ƙosar da masu shayin Tudun Wada da Sabon Gari ba. Sai dai wannan lissafi ya manta da kuɗin buhun abinci da magani, ya kuma manta cewa waɗancan kajin ba su cika kwanci ba. In sun tsufa dole a sake sayo 'yan tsaki daga kamfani. Ta Hausa kuwa ita ke kwantawa kan ƙwanta kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi reno, har ƙwan zabuwa ake sa mata ta fitar. Ga matar da jarinta bai kai na buhu ɗaya ba, wannan ita ce kazar da za ta iya riƙewa. Kasuwa ma ta san bambancin, don mai neman farfesun mai jego ta Hausa yake tambaya.

To me ya sa take ƙara ƙanƙancewa? A duba abin da ke faruwa a gida. Sallah ta zo, ko suna, ko baƙo ya sauka, hannu kan zakaran da ya fi girma yake faɗawa, an ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Buƙata ta taso, kazar da ta fi cika ita ake ɗaure wa ƙafa a kai kasuwar birni. Wanda aka bari ya bi kaji shi ne tsamurarren da ba a so, shekara da shekaru yana bin 'ya'yansa da jikokinsa. Yanzu kuma ga zakarun noila an saki cikin unguwa ba tsari, 'ya'yan su fito da girma amma kwanci da wayon reno su ragu. Abin da masanan Shika suka yi shekaru suna yi shi ne zaɓe, su ware mafi kyau su bar shi ya haihu. Mai kaji goma ma za ta iya: ta bar zakaran da ya fi faɗin ƙirji da kuzari, ta riƙe 'ya'yan kazar da ta fi yawan ƙwai da iya reno, kowace shekara ta yi musayar zakara da wani gida daga wata unguwa ko daga ƙauye.

Wani zai ce wahalar banza ce, tunda hunturu na shigowa annoba take share akurki. Gaskiya ne, kaza ta yi laƙwas, kashinta ya yi kore, wuya ya murɗe, kwana kaɗan gida ya zama ba ko ɗaya. Cutar Newcastle ke nan, ba ta da magani amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin wanda ake kira I-2, mai jure zafi, ɗigo ɗaya a ido duk bayan wata 3 zuwa 4. Kwalba ɗaya ta ishi gidaje da dama, don haka maƙwabta su haɗa kuɗi su nemi likitan dabbobi. Ga asibitin dabbobi na jami'a nan a Samaru. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta sati 2 kafin ta shiga cikin sauran, 'yan tsaki kuma a kife su da kwando a makonnin farko.

In hunturu na tafe, a yi rigakafin tun kafin iska ta kaɗa. In Sallah ta zo kuma a bar babban zakaran ya yi iri, a yanka mai bi masa.