Abin da ke sa manhajar imel ta riƙa rufe kanta bayan sabunta waya, da yadda ake gyara ta

A ranar 22 ga Maris, 2021, masu amfani da wayoyin Android a sassa daban-daban na duniya sun tarar da manhajar Gmail tana rufe kanta da zarar an buɗe ta. Wasu sun ɗauka wayarsu ce ta lalace, wasu kuma suka yi zaton an yi musu kutse. Daga baya ta bayyana cewa matsalar ta samo asali ne daga wani ɓangare na tsarin Android mai suna Android System WebView, wanda kamfanin Google ya sabunta da kuskure a cikinsa.

Aikin WebView shi ne nuna shafukan intanet a cikin wasu manhajoji ba tare da an buɗe burauza ba. Yawancin saƙonnin imel na yau a tsarin shafin intanet ake tsara su, da hotuna da launuka, saboda haka manhajar imel ta dogara da shi wajen nuna saƙo. Da ya samu tangarɗa, sai manhajoji da dama da suka jingina da shi suka faɗi. Google ya magance matsalar ta hanyar fitar da sabon zubi mai lamba 89.0.4389.105 na WebView da na Chrome.

Irin wannan na iya faruwa duk lokacin da aka sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Manhajar imel ba ta aiki ita kaɗai, tana aron hidimomi da dama daga tsarin wayar ko kwamfutar. Idan tsarin ya sauya alhali manhajar tana nan a tsohon zubinta, ko kuma tsofaffin bayanan da ta adana ba su dace da sabon tsarin ba, sai ta kasa tashi.

Matakin farko shi ne a buɗe akwatin imel ta burauza. Idan saƙonni suna nan, to asusun lafiyarsa ƙalau, kuma mai shi zai iya ci gaba da harkokinsa ta nan kafin a kammala gyara. Bayan haka a kashe wayar a sake kunna ta, sannan a shiga Play Store a sabunta manhajar imel ɗin tare da WebView da Chrome. Wannan ya shafi yawancin wayoyin Android, har da Tecno da Infinix da itel da Samsung da suka yawaita a hannun 'yan Najeriya.

Idan ba ta daina ba, sai a shiga saitunan wayar, a nemo manhajar, a goge ma'ajiyarta ta wucin gadi, wato maɓallin da aka rubuta wa Clear cache. Wannan ba ya taɓa saƙonni. Amma maɓallin da ke kusa da shi, Clear data ko Clear storage, yana mayar da manhajar kamar sabuwa, kuma saƙon da aka rubuta wanda bai kai ga fita daga wayar ba yana iya salwanta.

A kwamfuta mai Windows, ana iya buɗe tsohuwar manhajar Outlook a yanayin kariya ta hanyar danne maɓallin Ctrl yayin buɗe ta. Idan ta tashi a haka, galibi laifin na wata ƙaramar manhaja ce da aka liƙa mata, sai a riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin. Windows kuma yakan ba da kwana 10 na komawa tsohon zubi bayan babbar sabuntawa.

Babban haɗarin yana wajen cire asusu ko goge manhajar gaba ɗaya. Asusun da ke kan tsarin IMAP yana ajiye saƙonni a rumbun kamfanin da ke ba da hidimar, don haka za su dawo idan an sake shiga. Tsarin POP kuwa yana sauke saƙonni a kan na'ura, kuma yana iya share su daga rumbun. A irin wannan yanayi, kwafin da ke cikin kwamfutar shi kaɗai ne ya rage. Outlook tana adana shi a fayil mai ƙarshen .pst, wanda ya kamata a kwafe shi zuwa wani wuri kafin a taɓa komai.

Haka nan bai dace a garzaya wajen mai gyara a yi wa waya filashin ba tun ba a gwada waɗannan matakai ba, domin hakan yana share hotuna da lambobi da takardun da ba a adana a wani wuri ba. Kafin a fita daga asusu ma, wajibi ne mutum ya tabbatar yana tune da kalmar sirrinsa, kuma layin da ake turo masa lambar tantancewa yana hannunsa. Idan aka rasa waɗannan biyu, komawa cikin asusun yakan fi gyaran manhajar wahala.