Tsohuwar Bindigar Iska da Masu Son Ƙara Mata Ƙarfi

Tarihin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya sauka gindin Dala neman tama, kuma har gobe Abagayawan birnin Kano da shi suke danganta kansu. Don haka a ƙasar Gaya da Ajingi ba a saurin yanke ƙauna ga ƙarfe. Garma ce ko keke ko injin ban-ruwa, sai an nema musu magani. Haka ake yi wa tsohuwar bindigar iska, wadda ake harbin kurciya da hasbiya da ita bayan kaka, ko a yi maganin gafiyar da ta addabi rumbu. Sai dai a nan wani gyaran ya fi lalacewar muni.

Bindigar iska ba ta cin albarushi kamar bindigar toka ta maharba. A cikinta akwai sifirin mai kauri da fistin a gabansa. In aka karya ta don a ɗana, sifirin ya takure, kunama ta riƙe shi. Da an taɓa kunamar sai fistin ya zabura ya matse iska, kamar yadda famfon keke yake yi, iskar ta tunkuɗa ɗan harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. Dabarar harbi da iska ta daɗe: tun wajen 1780 sojojin Ostiriya suka riƙe bindigar Girardoni, wadda ake ɗura wa iska a gindinta. Mai sifirin kuwa ta bazu ne ta hannun kamfanoni irin su Diana na Jamus, wanda aka kafa a 1890, da BSA na Ingila, wanda ya fara ƙera tasa a 1905. Daga baya masu araha 'yan Chana suka cika kasuwa.

Yawancin tsofaffin, a kan fistin ɗinsu fata ce aka ɗaura don ta toshe iska. Shekaru da hunturu su busar da ita, ta tsage, iska ta riƙa zurarewa ta gefe. Mai bindiga zai ji ƙara ta canza, harsashi ya tafi a kasalance, kurciya ta kaɗa fiffike ta yi gaba. Sau da yawa ciwon ke nan kawai, kuma maganinsa sabuwar fata da man da ya dace da ita.

Amma mai gaggawa ba ya tsayawa nan. Sai ya ɗauko baƙin mai ko man keken ɗinki ya ɗiga a ramin iskar. Harbin farko a ji ta yi tsawa, hayaƙi ya fito, ya yi murmushi wai ta farfaɗo. Alhali man ne ya kama da wuta saboda zafin matsin iska, irin yadda injin gas yake tashi ba tare da fulogi ba. Wannan fashewar tana ƙone fatar, ta buga fistin baya, ta karya sifirin. Wani kuma ya cusa sifirin da ya fi gidansa ƙarfi, ko ya goge haƙorin kunama da magagari don ta yi laushi. Bindigar da aka yi wa haka takan tashi da kanta, wani lokaci tana karye, bututun ya dawo da ƙarfi ya datse yatsan da ke saka harsashi. Saitin ma ya tafi, domin jijjiga ta ƙaru. Harba ta babu harsashi a ciki shi ma ɓarna ce, don fistin zai daki bango babu abin da ya tare shi.

Buɗe ta ma ba wasa ba ne. Sifirin a matse yake ko ba a ɗana ba, kuma in aka zare fil ɗin baya ba tare da abin danne shi ba, yana iya fitowa ya sami ido ko haƙori.

Akwai kuma batun hukuma, wanda mutane da yawa suke ɗauka bai shafi "bindigar tsuntsu" ba. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigar iska a aji ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu, kuma lasisinta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Ita bindigar toka, Kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da nata. Dokar ta kuma ce gyaran bindiga sai da izini. Abin da ya rage wa mai ita a gida shi ne kulawa: goge tsatsa, share bututu, ɗaure notin da ya saki, da ajiye ta ba a ɗane ba, nesa da raɓa.

Harsashin ma abin lura ne. Samari kan jera shi a baki don saurin lodi, ga shi kuwa dalma ce zalla, gubar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Magidancin da ke da irin wannan bindiga ya kulle ta, ya ɓoye gwangwanin harsashin a wani wuri dabam, in kuma ta yi sanyi ya kai ta wurin mai gyaran da ke da izini.