Akwatin Lasifika Mai Taga a Minna

'Yan arewa mazauna kurmi da ke sayen kan lasifika a kasuwar Alaba ta Ikko, su kai gida a yi masa akwati, ya kamata su san abin da za su tarar. A Minna, hedkwatar Jihar Neja tun 1976, aikin na mutum biyu ne: kafinta ya haɗa katako, mai gyaran rediyo ya ja waya. Samari kuwa sun fi son akwati mai taga, watau a yanke gefe ɗaya a sa gilashin roba, irin wanda ake kira Perspex, don a riƙa hangen ciki.

Tagar tana da amfani. Mai saye yana ganin girman mayen ƙarfen da ke bayan lasifika, ba a cuce shi da ƙarami ba. Amma a nan ne akwati ya fi rauni.

Dalili kuwa shi ne, faifan lasifika yana tura iska gaba da baya. In iskar baya ta zagayo ta haɗu da ta gaba, sai su kashe juna, sauti mai kauri ya ɓace, a bar mutum da ƙara kamar ta gwangwani. Aikin akwati ke nan, ya tsare iskar baya. Saboda haka dole ya zama mai ƙarfi, babu inda iska ke zurarewa sai ta ramin da aka huda da gangan. Wani injiniya na ƙasar Ostareliya, Neville Thiele, ya fitar da lissafin wannan rami tun 1961, Richard Small ya ƙarasa aikin a farkon shekarun 1970. Girman ciki ma da lissafi: santimita 50 da 40 da 30 suna ba da lita 60.

To, in an yi jikin akwati da filawud mai kaurin milimita 18, sannan aka toshe taga da roba mai milimita 3, an yi aikin banza. Da an ƙure murya sai ta kama rawa tana zuza. Kafintan kirki ba ya sa wadda ta gaza milimita 10, kuma yakan ƙanƙanta tagar, ya shimfiɗa zaren roba a bakinta kafin ya ɗaure.

Ramukan kusoshi kuma a ɗan buɗa su fiye da kusar, domin zafin Minna na watan Maris yana sa robar ta miƙe fiye da katako. In an matse ta, daga bakin rami za ta fara tsagewa.

Sai maganar ƙurar hunturu. Kada a goge tagar da fetur ko tina, ko busasshen tsumma. Ruwan sabulu da ƙyalle mai laushi sun isa.