WASA MA DARASI NE A MAKARANTUNMU NA FIRAMARE

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Mun saba kawo wannan karin magana in ana zancen tarbiyya ko karatu, amma ba safai mu kan tuna jikin yaro ma ɗanyen icce ne ba. Shekarun da ya ke firamare, watau daga shida zuwa sha biyu, lokaci ne da ƙashinsa da tsokarsa ke ginuwa, kuma abin da aka gina a lokacin shi zai ɗauke shi har tsufa. Saboda haka yau muna so mu yi magana da malaman makaranta da akawunan ofisoshin ilmi a kan wani darasi da a ke rubutawa cikin jadawali, amma sau da yawa ba a yinsa, watau darasin wasanni da motsa jiki.

Duk wanda ya kan zaga makarantu ya san abin da a kan yi da wannan lokaci. A wata makaranta da an buga ƙararrawa sai a ce yara su ɗauki tsintsiya su share fili. A wata malamin lissafi ya ce bai ƙare darasinsa ba, ya ci gaba. Inda aka yi ƙoƙari kuwa, sai a jefa wa manyan yara maza ƙwallo guda su yi ta bugawa, ƙanana su tsaya kallo, 'yan mata su koma gindin dalbejiya su zauna, malam yana ofis yana duba littattafai. In an tashi a rubuta an yi darasi, alhali kuwa yawancin ajin ko zufa ba su yi ba.

ASALIN DARASIN

Irin motsa jikin da kakanninmu suka yi a makarantun elementare na zamanin En'e daga Turai aka kawo shi. Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Per Henrik Ling ya kafa makarantar koyar da shi a 1813, Ingilishi suka ɗauka suka sa a makarantunsu. A 1933 Hukumar Ilmi ta Ingila ta buga littafin tsarin wannan darasi, aka daɗe ana bin sa a ƙasarmu. Yara su kan jeru sahu-sahu, malam ya ba da umurni, su ɗaga hannu tare, su sunkuya tare, kamar sojoji a fareti. Kowace shekara kuma ran 24 ga Mayu, ranar bikin Daular Ingila, a kan tara makarantu a yi tsere da tsalle.

Ingilishin da kansu sun sake shawara. A 1952 da 1953 Ma'aikatar Ilminsu ta fitar da sababbin littattafai biyu na makarantun firamare, waɗanda suka rage umurni irin na soja, suka ba yaro dama ya yi gudu da hawa da jifa gwargwadon ƙarfinsa. Mu kuma a nan, tsarin ilmi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya sa ilmin motsa jiki da kiwon lafiya cikin darussan firamare. Ashe ke nan malamin da ya mai da lokacin na shara ya tauye wa yara wani abu da hukuma ta ba su.

ABIN DA MASANA LAFIYA SUKA CE

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kowace rana na motsi mai sa numfashi ya ƙaru, kuma aƙalla kwana 3 a mako ya yi mai ƙarfi irin wanda ke gina ƙashi da tsoka, kamar tsalle da gudu. Kafin wannan, a 2019, an buga wani bincike na hukumar wanda ya duba 'yan makaranta miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146. Aka tarar kashi 81 cikin 100 ba su samun motsin da ya ishe su, kuma abin ya fi yawa ga 'yan mata: su kashi 85, maza kashi 78.

Wani zai ce, ai wannan ciwon 'ya'yan birni ne, yaron da ke ɗebo ruwa da kiwo da tafiya gona me zai yi da darasin motsa jiki? Lalle akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Ɗaukar tulu yana ba da ƙarfi, sai dai ba ya koya wa yaro cafe abu da hannu biyu, ko tsayuwa da ƙafa ɗaya, ko jiran layinsa, ko haƙuri in an ci shi. Waɗannan a fagen wasa a ke koyonsu. Ban da haka, wasan dandali da dare, wanda dā shi ne makarantar wannan ilmi, ya ja baya ƙwarai a garuruwa, filaye sun zama gidaje da kantuna, yara kuma sun koma gaban talabijin da wayar hannu. In makaranta ba ta tsaya ba, yara da yawa ba su da wani fage.

WASANNINMU NA GIDA SUN ISA

Kukan da mu ka fi ji daga malamai shi ne rashin kayan wasa. To, bari mu duba abin da mu ke da shi wanda ba a saya da ko kwabo.

Ga langa. Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar, ƙungiya biyu suna ture juna, kowace tana tsare nata wanda a ke kira ruwa har ya kai wurin sha. Da wuya a sami wasan da ya fi shi ƙarfafa ƙafa da koya wa jiki daidaito. Sai dai malam ya sa a riƙa sauya ƙafa, don kada ɗaya ta fi ɗaya. Kada kuma wani ya raina shi, gama langa da kokawa da dambe duk sun shiga gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Ikko a 1973.

Ga a-sha-ruwan-tsuntsaye, inda yara ke dafa ƙasa da hannuwa, su miƙe ƙafafu, su riƙa sauke ƙirji suna ɗagowa. Abin da masu horad da 'yan wasa ke koyarwa don ƙarfin dantse da kafaɗa, ga shi nan yaranmu sun daɗe suna yi da waƙa. Ga ɗan-akuyana, a yi da'ira a riƙe hannu, na tsakiya yana neman mafita, ya koya musu haɗa ƙarfi. Ga gaɗa ta 'yan mata, da tafi da tsalle, yarinya ta saki jiki ta faɗa baya ƙawayenta su tare ta, wadda ba ta yarda da 'yan'uwanta ba ba ta iya yi. Ga 'yar gala-gala, ga tsallen igiya, ga carafke mai kaifafa ido da yatsu, wanda amfaninsa ya kan bayyana har wajen riƙe alƙalami.

In ana son kaya kuwa, yara da kansu za su iya haɗawa a darasin sana'a. A ɗaure tsumma ya zama ƙwallo, a tufka rama ta zama igiya, a ɗinka 'yan jakunkuna a zuba 'ya'yan tsamiya don jifa da cafewa, a kafa kara don tsalle, a ja layi da toka. Usur kaɗai ne sai an saya, in babu shi ma tafi ya wadatar.

YADDA ZA A TSARA LOKACIN

Babban abin da mu ke so malam ya riƙe shi ne kowane yaro ya motsa, ba kaɗan daga ciki ba. A yi lissafi: aji mai yara 60, ƙwallo guda, sun yi layi ɗaya, kowa ya ɗauki rabin minti. Minti 30 za su ƙare, kowane yaro ya yi wasan rabin minti, ya yi tsayuwar minti 29 da rabi. In kuwa aka kasa su ƙungiya 6, goma-goma, kowace da shugabanta da wasanta, ana juyawa in an busa usur, ba mai tsayuwa.

Shawararmu a kan darasin minti 30 ita ce, minti 5 na fari a ɗumama jiki da sassarfa da miƙa gaɓoɓi. Minti 8 a koyi abu guda, yau jifa, gobe tsalle, malam ya gwada da kansa su gani. Minti 12 a yi wasa ƙungiya-ƙungiya. Minti 5 na ƙarshe a sassauta, a wanke hannu, a sha ruwa, a koma aji cikin natsuwa. 'Yan aji ɗaya da biyu a ba su wasan kwaikwayon dabbobi da guje-guje marasa dokoki da yawa, wasa mai ƙa'ida da ƙidayar ci a bar wa manya.

Wasu wasanninmu suna bukatar gyara kafin su shiga makaranta. Duk wanda a ke dukan mai kuskure a cikinsa, a cire dukan. Wanda a ke fitar da wanda ya faɗi, a lura raunana ne ke fara fita, su ne kuwa suka fi bukatar wasan. Sai a ce wanda ya fita ya zaga fili sau ɗaya ya komo. Har wa yau muna roƙon malamai su daina horon yara da tsallen kwaɗo da kamun kunne, don yaron da ya san motsa jiki a matsayin azaba zai tashi yana ƙinsa.

ABIN LURA

Da bazara a yi darasin da sassafe kafin rana ta take, a ajiye ruwan sha kusa. Ranar da hazo ya yi kauri a rage gudu, musamman ga masu ciwon asma. Malam ya san yaran da ke da amosanin jini, watau sikila, gama gajiya mai tsanani da ƙishirwa su kan tayar musu da ciwo. Su yi wasa a hankali, su huta in sun so, kada a ce da su ragwaye. Yaron da ya zo bai karya kumallo ba, da wanda ke azumi, a sassauta musu. Mai naƙasa a ƙafa ya iya jifa da cafewa, kada a mai da shi mai gadin takalma. 'Yan mata kuma a keɓe musu gefensu, da malama in akwai, cikin suturar da iyayensu suka yarda da ita, don kada uba ya sami dalilin hanawa. Kafin a fara a tsince ƙaya da kwalba da ƙusa daga fili.

GA AKAWUNA DA MASU DUBA MAKARANTU

Ku ma kuna da hannu a wannan al'amari. Takardar neman yanka filin makaranta don gina kantuna ta tebur ɗinku ta kan bi, ku tuna filin nan aji ne, bango kaɗai ya rasa, in ya tafi kuwa ba ya komowa. In ana tsara kuɗin shekara, a sa ɗan abin sayen usur da ƙwallo da akwatin magani. Mai duba makaranta kuma kada ya tsaya ga rajista da littafin shirin darasi, ya fita fili ya ƙirga yara nawa ke motsi, nawa ke zaune, ya rubuta cikin rahotonsa. Abin da a ke tambaya shi a ke yi, da hedimasta ya san za a tambaye shi, tsintsiya za ta koma lokacinta.

Iyaye sun ba mu amanar 'ya'yansu gaba ɗaya, kai da gangar jiki. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin.