Rage ƙiba a gidan da babu firigo

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Birnin Ƙonni, in mutum ya yi ƙiba sai a ce ya ji daɗi, in mace ce a ce mijinta ya iya riƙo. Amma a gidan likita maganar dabam take. Ƙiba mai yawa tana jawo hawan jini, ciwon sukari, ciwon gwiwa da na baya, kuma hawan jinin da aka ƙyale shi ne ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan cututtuka sun bar zama na ƴan birni kaɗai. Suna kama ɗan kasuwar da ke wuni zaune a rumfa, da direba, da tela, da matar da ba ta fita gida.

In likita ya ce a rage ƙiba, abin da mutane da yawa ke amsawa shi ne: ba su da firigo, ina za su ajiye ganye da kayan lambu? Gaskiya ne, mafi yawan ƙauyukan Nijar ba su da wutar lantarki. Sai dai cimakar da ke rage ƙiba ba ta jiran firigo. Yawancinta na nan cikin rumbu, cikin tulu da kan shanya.

Wa ya kamata ya rage?

Wannan magana ba ta shafi yara ƙanana ba, ba ta shafi mace mai ciki ko mai shayarwa ba, balle wanda ya tashi daga ciwo. Su ƙarin cimaka suke bukata, don tamowa ba ta bar ƙauyuka ba. Babba kuwa yana iya auna kansa da igiyar awon tela, daidai wajen cibiya. In namiji ya wuce santimeta 102, ko mace ta wuce 88, haɗarin ya yi yawa, sai a je gidan likita a auna jini da sukari. Ba a bukatar mutum ya rame. Mai kilo 90 in ya sauke kilo 5 zuwa 9, ya riga ya taimaki jininsa da sukarinsa. Rabin kilo a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda rashin firigo ke ƙara ƙiba

Gidan da babu wurin sanyi yakan jingina da abin da ba ya lalacewa: farar shinkafa, taliya, garin rogo, burodi, sukari, mai da madarar gwangwani. Duka suna cika ciki na ɗan lokaci, sa'an nan yunwa ta komo. Abu na biyu shi ne sauran tukunya. An dafa da yawa, rana ta yi zafi, uwargida na tsoron ya lalace, sai ta cinye bayan ta riga ta ƙoshi. Kwana da kwanaki, wannan lomar ta tsoron asara ita ce ke taruwa a ƙugu.

Maganinsa shi ne awo. A san yawan bakin da ke gida, a auna gari daidai da su, a dafa abin da za a cinye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba bisa wuta ba. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ƙwayoyin cuta na hayayyafa da sauri, musamman cikin shinkafa da miyar nama. Ɗumame kuwa sai ya yi zafi sosai har cikinsa, miya ta tafasa, kuma ba a ɗumama abu sau biyu.

Abin da rumbu ke da shi

Gero da dawa sun fi farar shinkafa da taliya riƙe ciki, muddin ba a surfe su har dusar ta fita duka ba. Cikin dusar nan ne akwai zaren da ke sa abinci ya daɗe a ciki. Tuwo ba laifi ba ne, yawansa ne laifi. Mai son rage ƙiba ya raba kwanonsa huɗu: kashi biyu ganye da kayan lambu, kashi ɗaya tuwo ko dambu, kashi ɗaya wake, kifi, ƙwai ko nama. In ana ci a akushi ɗaya da jama'a, gara a ɗiba masa a ƙaramin kwano, don hannu ba ya ƙidaya loma.

Wake shi ne naman da ba ya ruɓewa. Matsalarsa ƙwari ne, ita ma an samo mata dabara. Tun shekarar 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, kuma masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka gwada shi tare da manoma. In an ɗaure bakinsa da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu, waken ya yi watanni ba tare da an zuba masa magani ba. Dafaffen wake da albasa da ɗan yaji ya fi ƙosai, don ƙosai ya sha mai.

Ganye ma bai gagari kowa ba. Kuka, kuɓewa, yakuwa, rama, tafasa, lalo da zogala duka ana busar da su tun kaka da kakanni. Abin lura shi ne a shanya ganye a inuwa mai iska, bisa tabarma mai tsabta, saboda rana mai zafi tana rage masa bitamin. In ya bushe har yana ƙaras, a zuba shi a tulu ko gwangwani mai marfi. Kauɗar tumatir, gabu da tattasai busasshe suna kai miya har damina. Albasar Galmi, kabewa da dankali kuwa suna daɗewa a ɗaki mai iska ba tare da wata wahala ba. Kwaɗon zogala yana cikin abin da ya fi dacewa da mai ƙiba, in an rage ƙuli-ƙuli da mai. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, a zubar da ita, gubarta na lalata hanta.

Nono ya san hanyarsa tun kafin a ƙera firigo. A tafasa madara tukuna, ta huce, sa'an nan a bar ta ta yi tsami cikin ƙwarya mai tsabta. Fura da nono ba sukari, ludayi kaɗan, abinci ne mai kyau. Cuku, kilishi da bandar kifi suna daɗewa, amma kilishi na da gishiri da tunkuza, a ci kaɗan. Ɗanyen nama da ɗanyen kifi a saye su ranar da za a dafa.

Tukunya cikin tukunya

Lokacin noman rani, wanda ya bunƙasa a Nijar bayan farin shekarar 1984, tumatir, karoti, yalo da salati kan cika kasuwa su yi arha. Akwai dabarar ajiye su. A samo tukunyar ƙasa babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ne ke janye zafin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ana ƙara ruwa safe da yamma. Wani malamin makaranta na jihar Jigawa a Nijeriya, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. A gwajinsa yalo ya kai kwana 27 maimakon 3. Ta fi aiki da rani, da damina sanyinta kaɗan ne. Kuma ta kayan lambu ce kawai, ba a ajiye nama, madara ko dafaffen abinci a ciki.

Sukari, mai da gishiri

Waɗannan uku su ne ɓarayin da ke shiga ba sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 na sukari a yini, gishiri kuwa ƙasa da giram 5, wato ƙaramin cokali guda. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da ƙwayar sukari 6 ko 7. Mai shan shayi zagaye uku, safe da rana da dare, ya ƙidaya abin da ke shiga butarsa. Babban cokalin mai guda yana da kalori kusan 120, abin da sai an yi tafiyar ƙasa ta kusan rabin awa kafin jiki ya ƙone shi. Saboda haka a riƙa auna mai da cokali, a bar tuttula shi daga kwalba. Dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya daɗi ko an rage shi. In baki na son zaƙi, ga goruba, magarya, gwaiba da mangwaro.

Ƙwayoyin ƙiba da ake saida wa mata a kan tebur haɗari ne: wasunsu na kumbura jiki, su tada hawan jini da sukari. Haka ma magungunan ramewa da ba likita ya rubuta ba. Mai shan maganin ciwon sukari kada ya rage cimaka sai ya shawarci likita, don sukarinsa na iya faɗuwa.

Abu na ƙarshe shi ne motsa jiki. Tafiyar ƙasa ta minti 30, kwana 5 a mako, da sanyin safiya ko bayan la'asar, ta isa farawa. Maigida ya riƙa kawo ganye da wake cikin cefane, uwargida ta riƙe awon gari da na mai, kuma duk wata a je gidan likita a hau ma'auni a auna jini. Rigakafi ya fi magani.