Kafin ka tsorata da labarin kutse, tambayi kwamfutarka lambar da take ɗauke da ita

A ranar 29 ga Maris 2024, wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund ya fallasa wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Jinkirin kusan rabin daƙiƙa ya lura da shi wajen shiga na'ura daga nesa, ya bi diddigi har ya tono asirin. Sigogi biyu ne kacal ke ɗauke da gubar: 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya san yadda ake duba lambar sigarsa, cikin minti guda ya san matsayinsa. Wanda bai sani ba kuwa, sai zaman zullumi.

Wannan magana ta shafe mu a zanguna. Yawancin kwamfutocin shagunan buga takardu da makarantun Islamiyyarmu na hannu ne. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, da yawansu kuma ba za su ɗauki Windows 11 ba. Shi ya sa nake ba masu irin su shawarar komawa Ubuntu ko Linux Mint, amma da sharaɗi: su koyi umarni huɗu a baƙin allon nan da ake kira taminal.

Na farko, apt list --installed. Zai jero maka duk manhajar da ke ciki, kowacce da lambarta. Jerin na da tsawo, kada ka damu.

Na biyu, sudo apt update. Mutane da dama na zaton shi ke sabunta manhajoji. A'a, jerin kayan da suka iso rumbu kawai yake ɗaukowa, kamar ka aiki yaro kasuwa ya jiyo maka farashi.

Na uku, apt list --upgradable. Nan za ka ga waɗanda suka samu sabuwar siga, tare da lambar da kake kai yanzu. Idan ka zo sabuntawar da sudo apt upgrade, zai faɗa maka megabait nawa zai sauke, ya jira amincewarka. Ga mai sayen data kaɗan-kaɗan, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Na huɗu, wanda na fi amfani da shi, apt policy sai sunan manhajar, misali apt policy xz-utils. Zai nuna sigar da ke kanka da wadda ke jiranka. A lamarin xz, hakan ya fi a kunna manhajar a tambaye ta lambarta, don ai ba a tambayar wanda ake zargi ya ba da shaida a kan kansa.

To, a nan ne nake son a natsu. Sabon abu ba kullum ne ya fi aminci ba. Ƙofar xz ta shiga bugun gwaji na Debian da Fedora ne, masu rige-rigen sabo. Masu Debian 12 suna kan 5.4.1, masu Ubuntu 22.04 suna kan 5.2.5, ba abin da ya taɓa su.

Haka kuma tsohuwar lamba ba lallai tana nufin haɗari ba. A Afrilun 2014 aka gano ramin Heartbleed a OpenSSL, daga siga 1.0.1 zuwa 1.0.1f, gyaran ya zo a 1.0.1g. Amma Ubuntu 14.04 ya ci gaba da nuna 1.0.1f alhali an toshe ramin, domin Ubuntu da Debian kan ɗauko gyaran su liƙa wa tsohuwar siga, su canza wutsiyar lambar kawai. Saboda haka karanta lambar har ƙarshenta. In kana shakka, apt changelog da sunan manhajar zai nuna maka abin da aka gyara.

Akwai tarko guda kuma. Jerin sabuntawa na iya fitowa fayau, ka ce alhamdulillahi, ashe tsarin ne gaba ɗaya wa'adinsa ya cika. Ubuntu mai dogon zango shekara 5 ake kula da shi a tsarin yau da kullum, na 20.04 ya ƙare a Mayun 2025. Rubuta lsb_release -a ka ga wanne kake kai.

Mai Windows ma ba a bar shi a baya ba: winget upgrade zai jero masa manhajojin da ke da sabuwar siga.

Shawarata, ka ware rana guda a mako, ko da bayan sallar Juma'a ne, ka yi wannan dubawa. Takardun mutane da sunayen ɗalibai da ke cikin na'urar nan amana ce a hannunka.